Kin Maido wa Kakata Sunanta

Ranar Talata, 14 ga Janairu, labari ya iso Madarumfa cewa Allah ya yi wa Malama Bushira Mahaman rasuwa a Maradi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malama, kullum kika zo sai kin tambayi kowa, to ga su. Maigida lafiya. Hajiya, surukata, ciwon ƙafar ne dai. Rashida, ɗiyata kuma ɗalibarki, ita ce ba lafiya ba. Tun ran nan ba ta cin kirki, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya.

Shekara huɗu ke nan da kika shigo gidanmu da hotunan kayan ƙasarmu da ke ajiye a wani gidan tarihi na Turai. Kika shimfiɗa su a tabarma, kika ce mu ne malamai, ke kin zo ɗaukar karatu. Muka yi dariya. Sai na ga wata ƙwarya da aka ɗinke tsagarta da kaba, ɗinkin a gicciye kamar sawun kaza. Na ce, “Wannan hannun kakata Dije ne. Ba ta yarda da gyartai, da kanta take ɗinki.” Na ɗauko ƴar'uwar ƙwaryar daga ɗakina. Kika daɗe kina kallonsu, sannan kika karanta mini abin da Turawan suka rubuta: ba a san mai ita ba.

Kika ce, “Yaya Habiba, za a gyara. Amma ke za ki rubuta sunan.” Na ce ban san ko baƙi ɗaya ba. Kika ce ba sauri kike ba. Haka na shiga ajin manya da furfurata. Bara na rubuta Dije a kayenki, littafin rubutun nan mai koren bango, layin a karkace, kika hana ni gogewa. Na gode, Malama.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya ba mijinki Malam Al'amin da ƴaƴanku haƙuri.

Malam Al'amin, a gafarce ni da roƙo cikin zaman makoki. Mutanen gidan tarihin sun yarda su canza rubutun, shafin kayen da na rubuta sunan kawai suke jira. Rashida ta ce za ta ƙarasa aikin, kuma ina ganin sai ta riƙe kayen nan za ta ci abinci. In an gan shi cikin kayan Malama, a aiko mana amsa kafin sadakar arba'in, kada a raba kaya ya bi wani hannu.

Habiba Shu'aibu, jikar Dije, da hannuna.