Bencin Ƙirya

A shekarar da aka yanke mana Kebbi daga Sakkwato aka maido ni aiki gida Yelwa. Ban daɗe da aure ba, na kama hayar ciki da falo. Falon ba komai sai tabarma da rediyo, kuma gara ta riga ta cinye ƙyauren tagar. Na ce ba zan sayi abin da gara za ta ci ba.

Na je wurin wani tsohon kafinta a bayan kasuwa. Ya kai ni bayan rumfarsa ya nuna mini katako biyu masu kauri, ja mai duhu kamar hanta. Na gwada ɗaga ɗaya, ko motsi bai yi ba.

"Ƙirya ce," in ji shi. "Daga cikin ruwa ta hito. In tabkin dam ya ja baya, itatuwan tsohin garuruwa na tasowa a tsaye, masunta su saro. Wanga icce ya hi shekara ashirin cikin ruwa, duba ko ya ruɓe."

Ya yi mini benci mai majingina. Ya ce kada in shafa masa fenti, kada in bar shi a rana, kada in ɗora masa tukunya mai zafi. Man kaɗe kawai yake so, da tsumma mai laushi. A gefe ɗaya akwai guntun ƙarfe da ya nutse cikin naman icen, wanda ya ce ya karya masa haƙoran zarto. Ya goge shi ya bar shi nan.

Da Inna, mahaifiyata, ta zo ganin ɗakin amarya daga ƙauyenmu na wajen Wara, na nuna mata bencin da alfahari, na ba ta labarin inda aka samo shi. Mutanenmu 'yan gungu ne, wato mazauna tsibiri a tsakiyar kogi. Ina goye aka tashe su daga tsibirin, lokacin da ruwan dam ya taso, aka zaunar da su a gidajen da gwamnati ta gina a tudu. Ban taɓa jin Inna ta yi zancen tsohon garin ba.

Ta tsaya tana kallon bencin. Ta sa yatsa kan ƙarfen.

"Wane waje anka saro shi?"

Na ce ban sani ba. Ta ce in je in tambayo. Na koma wurin kafinta, ya ce shi dai daga jirgin wasu masunta ya saya, sun ce daga kudu, wajen gungayen da suka nutse. Da na faɗa mata, sai ta zauna a ƙasa, ta jingina kafaɗa da ƙafar bencin.

"Akwai ƙirya bayan ɗakina," ta ce. "Babanku ya kafa mata ƙarhe, nan yake rataya tarun kamun kihi. Gindinta munka aje yayarka."

"Wace yaya, Inna?"

"Wadda kyanda ta ɗauka. Ta hwara tahiya ke nan."

Har ranar ni na ɗauka ni ne ɗan farinta. Sai a lokacin na gane abin da ya sa take kiran sunana gatsau a gaban mutane, ba ta yi mini kunyar da uwa ke yi wa ɗan fari. Wadda za a yi wa kunyar tana ƙarƙashin ruwa.

Na ce mata ai kowane masunci yana kafa ƙarfe a jikin ice, ba lalle ba ne wannan ce. Ta ce, "Awo, ba lalle ba ne." Amma ba ta ɗauke hannunta ba.

Ta zo da niyyar kwana kaɗan, ta zauna har damina ta wuce. Ba ta taɓa zama a kan bencin ba. Kowace Juma'a da hantsi takan narkar da man kaɗe a tafin hannunta, ta bi shi lungu-lungu, har ƙarƙashinsa inda ba mai gani, sannan ta goge da tsohon kallabinta. In rana ta shigo ta taga ta taɓa shi, sai ta kira matata su ja shi gefe. Icen ya yi duhu, ya yi sheƙi, falon ya riƙa ƙamshin man kaɗe da wani wari kaɗan, irin na laka. Matata ta ce ita ma tana jin sa, musamman in hadari ya haɗu.

Baƙi kan zo su zauna a kai, su yaba. Inna ba ta hana su. Amma wata rana 'yar maƙwabta, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta shigo ta dafa bencin tana bin sa da tatata. Na ɗago kai na ga fuskar Inna. Ba kuka take ba. Bakinta na motsi, tana kiran wani suna da ban taɓa ji ba. Yarinyar kuwa ta waiwayo. Na san yara na waiwayar kowace murya, na faɗa wa kaina haka.

Da bazara ta zagayo, ruwa ya ja baya, Inna ta ce in kai ta tsohon garin. Muka ɗauki jirgin wani masunci ɗan garinmu, muka fita da safe. Ya kashe inji a wani wuri da ba komai sai ruwa shimfiɗe da baƙaƙen itatuwa tsaye ba ganye, tsuntsaye farare a kansu. Wasu an sare su, sai kututture.

Inna ta miƙa hannu tana nunawa. Nan masallaci. Nan turmin sussuka. Nan gidan kawunka. Ni ruwa kawai nake gani. Sai hannun ya tsaya a iska. Ta duba gabas, ta duba yamma, ta ce wa mai jirgi ya ƙara gaba, ya ƙara, ta ce a'a, ya komo baya. Kututture uku ne kusa da juna, kowanne zai iya zama shi.

"Ban gane ba," ta ce. "Ni da ɗakina, ban gane ba."

Mai jirgi ya sunkuyar da kai. Muka ɗaga hannu muka yi addu'a a tsakanin ukun, jirgi na juyawa da mu a hankali. Ta shafa, ta ɗebi ruwan da tafi ta wanke fuska, ta gyara mayafinta.

"Mu tahi," ta ce, "kada iska ta taso."