Kofur Kefas da Gem Ɗin Saliyo

Duk unguwar Rikoto ba wanda ya taɓa kai ƙarar kansa caji ofis sai Kofur Kefas. Ya shiga da takalmi yana ƙyalli, ya ƙare a benci bayan kanta, takalmin a hannu.

Tsohon soja ne. Abokan aikinsa sun dawo daga Saliyo da rediyo da keken ɗinki, shi kuwa gogan sai ɗan gem na hannu mai cin batir huɗu, da kaset guda. Shekara shida gindin mangwaronsa ya fi tasha cika. Ko magidanci ne ya zo da furfurarsa, sai ya wanke hannu kafin ya taɓa gem ɗin. In kaset ya ƙi kamawa, Kofur kaɗai ke da ikon hura masa iska.

A 2007 Uchenna mai shagon buga takardu ya kawo faifai daga Anaca ya zuba wa kwamfuta. Sai ga wasannin Kofur tsaf a babban allo, har da kala! Wai kamfanin ya daina ƙera gem ɗin, in na Kofur ya mutu nan kaɗai za a same su.

Sati guda, gindin mangwaro ya koma na awaki. Kofur ya daina bin layin shagon. Ranar da ya ji matarsa Hannah na yabon kalar, tuwo ma bai ci ba. Da rediyo ta ce kwafar kayan kamfani laifi ne, sai ya goge takalmi, ya ɗauki kaset ɗinsa ya nufi caji ofis.

"Sajan, yaron nan ɓarawo ne. Ga na asali!"

Aka kira Uchenna. Ya juya kaset ɗin ya ce, "Oga, wasa tamanin a kaset ɗaya, ba sunan kamfani? Ai wannan ya riga nawa zama jabu."

Sajan ya jefa faifai da kaset a durowa. "Baba, cire takalmi."

Hannah ce ta je da fasto aka sako shi. Kafin la'asar unguwa ta cika gindin mangwaro, kowa na son ganin mai ƙarar kansa.

Maƙwabcinsa Dawuda ya ce, "Kofur, ashe don kayan sata muka yi ta wanke hannu?"

Aka kwashe da dariya. Kofur ya gyara zama, ya bi kawunan da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Ku yi ta dariya. Yau wa ke shagon Uchenna?"