Ƙibar da Aka Yi wa Sale Barka

Har yau ranar da na je mayankar Trans-Amadi neman wani maras lafiyarmu ba ta fita raina ba, kuma duk lokacin da na tuna ta sai raina ya ɓaci. Ku da kuka fara aiki a sashen ciwon gaɓɓai, ku saurara, domin za ku gamu da irin wannan.

Lokacin ina babbar nas a ɗakin ganin likita na ranar Talata, a wani asibiti nan Fatakwal. Da yake ni kaɗai ke jin Hausa, duk ɗan Arewan da ya zo ni ake turo wa. Haka aka kawo mini Sale, wani mahauci mutumin ƙasar Katsina, da ke aiki a ƙarƙashin wani dillalin shanu, Alhaji Mamuda. Amosanin gaɓɓai ne ya kama shi, irin wanda jiki ke yaƙar gaɓɓansa da kansa. Yatsunsa sun kumbura, da asuba ko buta ba ya iya ɗagawa. Roƙonsa ɗaya ne, kada ya rasa riƙon wuƙa, don da ita yake ciyar da iyalinsa a gida.

Ga wanda bai sani ba, wannan ciwo ba a raba mutum da shi, lallaɓa shi ake yi. Likita ya ɗora Sale a kan ƙwayar da ake sha sau ɗaya a mako, wadda ke daɗewa kafin a ga aikinta. Nawa aikin shi ne bibiya. In matsa gaɓɓai in ga waɗanda suka kumbura, in tambayi yadda jiki ke sandarewa da safe, in tura shi gwajin jini a duba hantarsa. Bahaushe kuwa ko yana kwance magashiyyan, "da sauƙi" zai ce maka. Don haka sai in ce, "Malam Sale, yaya zaman tahiya?" A nan gaskiya take fitowa.

Sauƙi ya fara samuwa ke nan sai ya ɗauke ƙafa, waya ma ba ya ɗauka. Wata Asabar na hau bas na nufi mayanka. Na tarar da shi yana fiɗa kamar bai taɓa ciwo ba, fuska ta yi zagaye, wuya ya cika, amma damatsansa sun rame. Abokan aikinsa suna ta tsokanarsa, wai Fatakwal ta karɓe shi. Ina ganinsa na san wannan ba ƙibar lafiya ba ce.

Bayan mun gaisa na ce, "Malam Sale, me kake sha?"

Alhaji Mamuda ne ya amsa daga kan bencinsa. "Sista, ai mun samo maganin. Ku kullum ɗibar jini, yaro yana ramewa, ga Talata ranar aiki ce. Yanzu dubi kumatunsa."

Ya sa aka fito da wani ƙullin leda, ƙwayoyi kala-kala ba suna, haɗin wani mai tallan magani a kasuwar Mile 3. A cikinsu na ga ƙananan fararen da na yi zargi, waɗanda muke kira sitiroyid. Tana kwantar da kumburi nan take, amma idan aka daɗe ana sha barkatai tana cin ƙashi, ta tayar da suga. Mafi muni, wanda ya saba da ita idan ya daina farat ɗaya yana iya mutuwa.

Na yi musu wannan bayani dalla-dalla. Na ce, "Alhaji, don girman Allah ka bar shi ya zo Talata, likita ya janye masa ita a hankali."

Ya yi dariya ya ce, "Kin ga mai lafiya kina neman kwantar da shi."

Na dubi Sale. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sista, yadda Alhaji ya ce." Ban ga laifinsa ba, a ɗakin Alhaji yake kwana, a hannunsa yake ci. Na sanar da likita, muka yi ta aike, bai zo ba.

Da damina ta kankama, mai maganin ya tattara ya tafi gida noma, ƙullin leda ya yanke. Ba a jima ba Sale ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki, aka kawo shi ko motsi ba ya yi. Likitoci sun ceto ransa da ƙyar. Amma ƙashin kwankwasonsa ya lalace, yatsun kuma sun karkace, domin duk watannin nan ciwon yana ci a ɓoye, maganin gaskiya yana ajiye.

Alhaji ya zo dubiya da ledar ayaba, yana cewa haka Allah ya rubuta. Na ce, "Alhaji, Allah bai aike ka Mile 3 ba, da ƙafarka ka je." Aka ce na yi wa babba rashin kunya. Har gobe ban janye ba.

Kafin a sallami Sale an riga an ba wani gurbinsa. A motar shanun da za ta koma Arewa ba kaya aka sa shi. Na ba shi ledar maganinsa da takardar asibitin da zai ci gaba da zuwa can, ya miƙo hannu, ledar ta zame daga karkatattun yatsunsa ta faɗi. Ya ce, "Sista, ashe kin faɗa."

Abin da na koya ke nan. A aikinmu, wanda ya zo yana kuka da ciwo ba ya tsorata ni kamar wanda ya warke dare ɗaya ya ɓace. Ku bi sawunsa, ku dubi fuskarsa, ku tambayi wanda ke sayo masa magani da wanda ke ba shi izinin zuwa asibiti. Sale bai taɓa ƙin maganinmu ba, ranar Talatarsa ce ba a hannunsa take ba.