Wakilin Babban Kamfani Ya Roƙi Fasuwod a Zaurena

Ɗazu ina zaune a zaurena a Lolo, nan bakin iyakar Benin, ina kallon sabuwar jikata ta bidiyo daga Kaduna, sai wakilin babban kamfanin sadarwa ya yi sallama.

Su ne suka bar mu shekara da shekaru da sabis ɗin da kana cikin ɗakinka waya za ta yi maka barka da zuwa Benin. Sai da samarinmu suka kafa ɗan kamfani, suka ja wayar intanet ta faiba har unguwarmu, sannan manya suka tuna muna Nijeriya.

Ya ce, "Baba, ka dawo wurinmu. Yaran nan ba za su ɗore ba."

Na ce, "To ɗana, yi mini rajista."

Ya ɗaga wayarsa sama, ya juya gabas, ya juya yamma, babu sabis. Can ya sassauta murya: "Baba, mine ne fasuwod ɗin waifai ɗinku?"

Na ce ya dakata, amaryata jaririya tana hamma, ba zan yanke kira saboda baƙo ba.

Yana nan kan tabarma yana jira. Jama'a, baƙo dai yana da haƙƙi. In ba shi fasuwod ɗin?