Suna daga Taku Goma

A ɗakin jira na asibitin ido, mai raba kati tana kallon wani dattijo da ke zaune kan benci. Hannunsa ɗaya ya fi ɗayan duhu, irin na wanda ya shekara talatin yana jingina shi a tagar mota. Tsohon direban babbar mota ne, in ji zuciyarta, don har yanzu ƙafarsa tana laluben birki a ƙasa.

'Yarsa da ta rako shi ta buɗe masa shafi a intanet inda zai riƙa ba da labaran hanya, saura suna. Shi kuwa gwajin suna ɗaya ya sani, irin na rubutun bayan mota. Sai 'yar ta rubuta suna a takarda, ta ja da baya taku goma, ta ɗaga.

"Baba, a waya fa ake karantawa, dab da hanci."

"Ɗaga dai. In na bayanka bai karanta ba kafin ya wuce ka, ba suna ba ne."

Ta ɗaga "Hutun Direba". Ya ƙanƙance ido, ya daɗe.

"Bai fito ba. Kawo wani."

Sunaye shida ke nan, kowanne da laifinsa. Mai raba kati tana karanta su tsaf daga ƙarshen ɗaki, amma ta ci gaba da raba katinta.

'Yar ta sake ɗaukar takardar farko. Tana ƙirga taku goma da ƙarfi, tana yin su ƙanana, da ƙyar ta wuce bakin benci.

"Yawwa, ga suna," in ji shi. "Ina kika ɓoye shi tun ɗazu?"