Ustaz Musaddiq da Lissafin 'Yan Lahadi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha uku ga Rabi'ul Awwal, 1427, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Ustaz Musaddiq Ɗan'inna, malamin lissafi, a gidansa da ke unguwar Aƙiƙ, a Madina. An yi masa salla a Masallacin Annabi (SAW), muka raka shi Baƙi'a kafin magariba. Ni Ja'afaru, ɗaya daga cikin ɗalibansa, na ɗauki alƙalami ne domin in faɗi maganar da na kasa faɗa masa shekara goma.

Ustaz, kai ka koyar da mu a sakandare, mu 'ya'yan Hausawan Uhudu waɗanda kakanninmu suka zo hajji suka zauna. A aji Larabci kake yi tsantsa, amma in ka ga kanmu ya ɗaure sai ka sunkuyo ka ce, "Ya waladi, bi shi a hankali, lissafi ba ya cizo." Kana da faɗa, ba zan ɓoye ba. Na sha tsayuwa a bakin allo har ƙafata ta yi sanyi. Amma ban taɓa ganin ka ba wani maki don darajar ubansa ba.

A shekarar 1417 muka zauna jarrabawar shiga wata kwalejin koyon aikin injiniya. Mu ɗari huɗu ne, gurbi sittin. Zauren bai ɗauke mu ba, sai aka raba mu biyu, rabi Asabar, rabi Lahadi, kowane rukuni da tambayoyinsa don kada na farko su tsegunta wa na biyu. Ni na faɗa Lahadi. Ɗanka Suhaib, abokina tun muna yara, ya faɗa Asabar. Takardarsu ta zo da sauƙi, tamu kuwa ta zo kamar an yi fushi da mu. Suhaib ya ci tamanin da huɗu, ni sittin da uku. Na koma gida na ce wa mahaifiyata zance ya ƙare, gobe zan nemi aikin ɗaukar kayan alhazai.

Kana cikin malaman da ake kira duba takardun jarrabawar, amma saboda ɗanka yana ciki, ka ƙi taɓa takardar kowa. Amma da masu jarrabawar suka ga kusan duk guraben za su tafi ga 'yan Asabar, sai suka nemi shawararka, don an san ka a wannan fanni. Ɗaya daga cikinsu, Ustaz Sharfuddeen, shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce ka faɗa musu a daina duba yawan makin, a duba mutum nawa cikin ɗari yaro ya wuce a cikin waɗanda suka amsa tambayoyi irin nasa. Da wani ya yi gardama, ka ce masa, "Ya akhi, wanda ya hau dutse da wanda ya bi kwalta, ba a auna su da agogo ɗaya."

Aka yi lissafin yadda ka ce. Ni na wuce casa'in da shida cikin ɗari na 'yan Lahadi. Suhaib ya wuce saba'in da takwas na 'yan Asabar, layin kuwa ya tsaya a tamanin da biyar. Na shiga, shi ya fita. Ka san ranar da ya zauna, ka san makinsa, kuma babu wanda ya fi ka saurin lissafi a ka. Tun kafin ka buɗe baki ka san inda abin zai sauka.

Kunya ta hana ni zuwa gidanka. Na gama karatu, na kama aiki a sashen lantarki na filin jirgin sama, inda Suhaib ke aikin sauke kaya. In na hango shi sai in sauya hanya. Sau biyu na zo har ƙofarka da niyyar godiya, na tuna me zan ce a gaban Hajiya Fatna, uwar da aka cire ɗanta aka sa ni, sai na juya. Wannan rashin kirki ne, kuma nawa ne ni kaɗai.

Jiya na je zaman makoki. 'Ya'yanka suna tsaye a jere ana wucewa ana dafa kafaɗunsu. Da na iso kan Suhaib na yi masa gaisuwa da Larabci, don da shi ya saba amsawa. Sai ya riƙe hannuna ya ja ni gefe, ya yi mini Hausa.

Ya ce, "Ja'afaru, ka san Baba ya kira ni kafin ya je wurin masu jarrabawar? Ya ce, 'Abin da zan faɗa zai fitar da kai. Ba izininka nake nema ba, so nake ka ji daga bakina.' Wallahi shekara guda ban ci abinci tare da shi ba."

Na ce, "Yanzu fa?"

Ya ce, "Khalas, ya wuce, na daɗe da sanin gaskiyarsa. Na daɗe da hucewa. Sai dai ban gaya masa ba, kullum ina cewa sai an samu lokaci."

Muka tsaya muna kuka, mu biyu, kowa da maganar da ya ajiye maka har ka tafi. Na gode, Ustaz. Na makara, amma na gode.

Ya Allah, bawanKa Musaddiq ya auna 'ya'yan mutane da adalci a ranar da adalcin ya ci ɗansa. Kada Ka auna shi da adalcinKa kaɗai, Ka lulluɓe shi da rahamarKa. Ka yalwata kabarinsa, Ka sa maƙwabtakar da ya samu a Baƙi'a ta zame masa ceto. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Fatna, da 'ya'yansa Sundus da Ikram, da ɗan'uwana Suhaib. Allah Ya ba su haƙuri, Ya isar masa da abin da muka kasa faɗa. Amin.