Yadda Na Zaunar da Mahaifina

Mahaifina, Malam Ashafa mai rake, mutumin Gazara ne, dogo, siriri, mai saurin tafiya. Ya haura saba'in amma da haƙoransa yake ɓare rake, kuma bai taɓa haɗiyar ƙwayar asibiti ba sai da na zama malamin asibiti.

In ya dawo daga sallar asuba sai ya yi asuwaki, ya sha kunun tsamiya, ya saɓa fartanya ya nufi fadama. Tafiyar ba ta da nisa, amma sai hantsi yake isa, don ba ƙofar da zai wuce bai tsaya gaisuwa ba. Har akuyar da ta haihu sai ya tambayi lafiyarta. A bakin rafi akwai rugar Bobbo, abokinsa tun suna samari, nan yake shan nono su yi ta tsokanar juna. Ba ya cika ciki da tuwo. Bayan azahar yakan ɗan miƙe a inuwa. Ranar da ransa ya ɓaci kuwa ba ya faɗa da kowa, ciyawar fadama ce ke shan wuya.

Ni na dawo daga Zariya bayan yaƙin duniya na biyu, wanda muke ce wa yaƙin Bama, da farar riga da takardar shaida, kaina ya yi girma. Hukumar En'e ta ajiye ni a ɗakin shan magani na Makarfi. Wata ranar kasuwa wani ɗan doka ya ce ya ga tsohona a fadama, laka har gwiwa, ya yi dariya. Dariyar nan ce ta ci ni. Na hau keke sai Gazara, na yi jawabi cewa tsoho hutu yake bukata, sanyin fadama yana lalata gaɓoɓi. Allah ya sani ba gaɓoɓinsa ne suka dame ni ba, sunana nake karewa. Na damƙa fadamar a hannun Gambo, ɗan ƙanensa, na kawo wa Baba kujerar kishingiɗa irin ta Turawa da shayi da sukari.

Ni ɗan fari ne. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya haɗa ido da shi, balle ya ja magana da shi. Da na gama surutuna ya dubi ƙasa ya ce to. Na san kunya ce, ba yarda ba. Na karɓe ta a kan yarda don haka ya fi mini daɗi.

Sau biyu Gwaggo Mero, ƙanwarsa, tana bina har Makarfi. Ta ce ba ya barci, ba ya cin abinci, yini yake a zaure yana bin masu zuwa fadama da kallo, kuma ya fara yi wa mutanen gida tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Na ƙunsa mata ƙwayoyi a takarda, na ce safe da yamma.

"Ɗana, ba ƙwaya yake so ba," in ji ta. "Ka bar shi ya taka ƙasa."

Na ce mata ni ne na yi karatun. Har yau in na tuna wannan amsa kunya ke kama ni.

Damina biyu aka yi a haka. Da na je da kaka na tarar ƙafafunsa sun kumbura, yana kiran Gambo da sunan uban Gambon, wanda ya rasu tuni. Na durƙusa gaban Baba na ce gobe ya koma fadamarsa, ni zan raka shi.

Da safe ya riga ni shiryawa. Muka fita, yana gaba ina baya. Bai wuce gida uku ba ya dafa danga, numfashinsa sama-sama, ya zauna a dakalin wani maƙwabci. Mai gidan ya fito, suka gaisa, ya tambaye shi ina ya shiga kwana biyu. Na sunkuyar da kai ina jiran a faɗi laifina.

"Hutu nake yi," Baba ya ce. "Yaron nan ne ya hutar da ni. Allah ya ba kowa irinsa."

Mutumin ya ce amin, ya dube ni da sha'awa. A bayana na goyo Baba zuwa gida, kuma bai sake fita da ƙafarsa ba.